Fiffiken Direba

Sallama gare ku, masu karatu. Sunana Najiba. Ku yi haƙuri da rubutuna, a aji huɗu na bar makaranta, yadda abin yake zuwa mini a ka haka nake zuba shi. An fi shekara ashirin da yin wannan abu, amma har yau in na ji kukan tantabara a kan kwano sai na ajiye abin da ke hannuna.

A Agege ta Legas aka haife ni, bayan titin jirgi, a gidan hayar wata Bayarabiya, Iya Sikira. Ɗakuna goma sha biyu ne suna kallon juna, lungu a tsakiya, kicin da wurin shanya a baya. Namu ne na ƙarshe a hannun hagu, ni da Inna da Baba. Ni kaɗai ce ta rayu a cikin 'ya'yansu. Baba, Malam Audi, gadi yake yi a gidan wani oga a Ikeja. Ba ya cin goro, ba ya zaman majalisa. Abinsa ɗaya ne a duniya, tantabaru.

Guda tara ne. Ya yi musu ɗaki da katakon tsofaffin akwatuna a jikin katangar baya, kowacce da sunanta. Akwai Direba, babban namiji fari mai baƙin wuya, shi ne a gaba in sun tashi. Akwai matarsa Tozali mai baƙi a gefen ido. Akwai Kwandasta da ba ya rufe baki tun asuba.

Na taɓa tambayarsa ina ƙarama, "Baba, me ya sa ba ka sa musu kwaɗo? Ba ka tsoron a sace?"

Ya ce, "A sace mana. Wanda ya sace ciyar mini da su zai yi na kwana biyu. Ranar da ya buɗe za su dawo. Ke dai kada ki yarda a taɓa musu fiffike."

Sau ɗaya kawai yake taɓawa, in ya sayo sabuwa. Sai ya fige mata dogayen gashi shida a fiffike ɗaya da yatsunsa, yana yi yana ba ta haƙuri, don ta zauna ta saba da gida.

Ranar Lahadin nan ta ƙarshen Janairun dubu biyu da biyu da bama-bamai suka yi ta tashi a Ikeja, wanda yake Legas a lokacin ba sai na faɗa masa ba. Muna tsince shinkafa bayan la'asar ƙasa ta girgiza. A ƙarar farko tantabarun suka tashi gaba ɗaya, ban ga inda suka yi ba. Baba yana wajen aiki. An ce ya bi masu gudu, mota ta buge shi a cikin turmutsutsun. Sai ranar Talata Kawu Ya'u, yayan Inna, ya gano shi a asibiti an riga an lulluɓe shi.

Litinin da safe tantabaru huɗu suka dawo. Talata uku. Laraba ana zaman makoki sai ga Direba da Tozali sun sauka a kan igiyar shanya. Tara cif. Duk abin da ya fita daga gidanmu ranar nan ya dawo, ban da Baba.

To ku gaya mini, ta yaya za a ce mini "tsuntsaye ne kawai" in yi shiru?

Kawu Ya'u ne mai faɗin haka. Raguna yake sayarwa a kasuwar Alaba Rago, duk Lahadi yana zuwa da babbar rigarsa mai warin awaki, ya zauna a kujerar Baba ya tsara mana rayuwa. In Inna ta fita takaba za ta koma Ɗambatta. Ni kuma a sa ranar aurena da Munir, a mayar wa Iya Sikira ɗakinta.

Kada ku ɗauka dole ake yi mini. Ina son Munir. Dillalin tumatir ne a kasuwar Mile 12, dogo, mai wushirya, kullum cikin shadda mai guga kamar ba a cikin taɓon kasuwa yake wuni ba. Baba da kansa ya karɓi gaisuwarsa tun kafin azumi. Bai taɓa zuwa gidanmu hannu biyu ba, sai da ƙaramin kwando na tumatir da attaruhu. A jikin kowane kwando akwai shuɗin fenti, layi biyu da ɗigo ɗaya. Na taɓa tambayarsa, ya ce, "Shaidata ce. A kasuwarmu in ba ki shafa wa abu fenti ba, kafin ki juya ya zama na wani. Ko buta ce sai yarana sun shafa mata."

Bayan addu'ar bakwai ya kawo mini waya, 'yar ƙarama mai eriya. Lokacin duk gidan babu mai ita, har mutanen ɗakin gaba suna zuwa kallo. A cikin kwallar Inna nake ɓoye ta. Ba na karatu da sauri, saƙo ɗaya sai in bi shi sau uku da yatsa. Kullum da safe sai ta yi ƙara.

"Najibata, kin tashi lafiya? Ki ci abinci don Allah. Naki, Munir."

Matsalar ɗaya ce. Mai gidan da yake haya a Ketu bai yarda da dabba ba, ko kyanwa. Ko da ya yarda ma, tantabara ba kujera ba ce da za a ɗora a mota. Duk inda aka kai su Agege za su dawo, su tarar da baƙi a ɗakinmu.

"Kawu, ni ba zan bar gidan nan ba sai na san yadda zan yi da su."

"Yadda za ki yi da su? A yanka a yi sadaka, ladan ya kai wa mamaci."

"Ba za a yanka ba."

"Turai, kina jin 'yarki?" Ya juya wajen Inna. Tana zaune a kan tabarma da zanen takabarta, ba ɗankunne ba kwalli, carbi a hannu. Ba ta ɗago ba.

Bayan Babbar Sallah aka fara yi mini ɓarna. Na ƙirga da yamma, takwas. Bayan kwana huɗu, bakwai. Kwandasta da wata budurwa ja sun ɓace. Na zagaye lungunan unguwa ina fito irin na Baba, har masu okada suna yi mini dariya. Iya Sikira ce ta tsayar da ni a bakin famfo.

"Najiba, kar ki wahala. Je wurin Na'Allah, mai facin taya, tsallaken titin jirgi. Shi da babanki, kullum rigimar tantabara, kullum haka."

Na zura hijabi a kan ɗaurin ƙirji, da silifas ɗin wanka na tafi. Na'Allah dattijo ne Basakkwace, hannunsa baƙi ƙirin da man taya. A bayan rumfarsa tukwanen tantabaru ne jere a kan katako sun fi talatin. Tun daga nesa na ji muryar Kwandasta.

"Baba, tantabarunmu na zo karɓa."

"Waɗanne, ɗiyar Audi?"

"Ga shi can yana ihu. Ko kurma ya san shi."

Ya goge hannu a tsumma bai yi sauri ba. "Ni na je gidanku na ɗauko shi?"

"Oho. A gidanka dai na gan shi."

"Ɗiyata, shekara goma sha biyu muna wagga wasa ni da babanki. Ina sakin nawa, yana sakin nashi, su gauraye a sama. Wanda ya sauka da kanshi ya shiga tukunyata, nawa ne. Wanda ya shiga akwatinshi, nashi ne. Ya ci mini bakwai, na ci mishi huɗu. Ko sau ɗaya bai zo da hijabi yana yi mini ihu ba."

Masu jiran faci suka fashe da dariya. Na ji kamar in haɗiye harshena.

"Shi ya rasu. Ni ban shiga wasanku ba."

"To ki riƙe su yadda ya riƙe su. Da asuba yake ba su dawa, da 'yar kanwa cikin ruwa. Ke sai rana ta take kike tunawa da su. Ina ganinsu a sama suna yawo da yunwa."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi. Tun rasuwar ba na iya tashi da wuri. Amma a lokacin ban ji gaskiya ba, ɓarawo kawai na gani. Na dawo gida na sayi kwaɗo, na kulle bakwai ɗin da suka rage.

Sati biyu suna kulle. Suka fara tsattsage juna, gashinsu ya dushe, Tozali ta daina ci. In na buɗe, tsoro. In na rufe, tausayi. Ba na barci, ba na ci, Inna tana kallona kawai. Na rubuta wa Munir, da ƙyar na haɗa kalmomin: "Na gaji. Ban san yadda zan yi ba."

Nan take ya amsa. "Kwantar da hankalinki. Gobe zan zo da magani."

Maganin almakashi ne. Ya zo da shadda ruwan toka da hula mai aiki, yana ƙamshin turare har bakin kicin. Ya cire agogo ya sa a aljihu, ya naɗe hannun riga.

"In ba sa tashi, ta ina Na'Allah zai janye su? Ki rage musu fiffike, ki buɗe musu ƙofa su sha iska a tsakar gida. Shi ke nan, kin huta, sun huta."

"Baba ya ce kada a taɓa musu fiffike."

"Baba, Allah ya jiƙansa, yana nan yana tsaronsu. Ke fa? Tara sun zama bakwai. Sai sun zama biyu za ki ji magana?"

'Yan uwa, wallahi na ji muryar Baba a kunnena. Na ji ta sarai. Amma na gaji, kuma ga mutum ya bar kasuwarsa ya tsuguna a gaban bayi da shaddarsa saboda ni. Na riƙa kamo su ina miƙa masa fiffike, yana yankewa, ƙaras, ƙaras. Gashi ya cika ƙasa. Shida ya yanke, har da Tozali.

Da na kamo Direba sai na kasa. Zuciyarsa tana bugawa a tafin hannuna.

"Miƙo mana."

"A'a. Wannan ba za a sa masa ƙarfe ba. Ni zan yi masa."

Na zauna a kan turmi na fige masa gashi shida da yatsuna, yadda na ga Baba yana yi wa sababbi, ina ba shi haƙuri. Munir ya yi dariya.

"Ke dai da rigima. Ai duk ɗaya ne."

Ni ma na ɗauka duk ɗaya ne.

Da na sake su sai suka riƙa yawo a ƙasa kamar kaji. Direba ya kalli igiyar shanya ya yi tsalle, ya karkace ya faɗa cikin bahon wankin matar ɗakin gaba. Yaran gida suka yi ta ihu. Inna ta ɗaga labulen taga, ta dubi gashin da ke ƙasa, ta dube ni.

"Najiba, me babanki ya ce miki?"

Na sunkuya ina tattara gashin. Ta saki labulen.

Kwana takwas bayan haka, ranar Juma'a, saƙon Munir ya shigo. "Na yi magana da ogan Baba, ya ce a je a kwashe kayansa na ɗakin gadi. Ki shirya, ƙarfe goma sha ɗaya zan zo mu tafi." Inna ba ta fita, sai ta ce in je. Na sa atamfata mai ruwan ganye da baƙin mayafi. Muka hau motar haya, danfo, zuwa Ikeja. Kayan Baba duka a buhu ɗaya suka shiga: buta, darduma, tocila, rediyon da ya ɗaure da roba, da rigar sanyi. A aljihun rigar na tarar da dawa cikin ƙullin leda. Nan na zauna a bakin get na yi kuka mai isata. Munir ya sayo mini lemo, ya ce in huta, ya tafi masallaci ya dawo, ya ce mu ci abinci tukuna. Sai wajen la'asar muka iso gida.

Tun daga lungu na ji shirun. Na yar da buhun na ruga baya. Kwanon ruwansu yana nan, dawa a warwatse. Babu ko ɗaya.

"Iya! Iya Sikira! Ina tantabaruna?"

Ta fito da ludayi a hannu. "Ah ah. Shebi, ba kun sayar ba?"

"Wa ya sayar?"

"Mutum ya zo lokacin masallaci, ɗan dako, Bahaushe irin naku, gammo a kai, babban kwando da buhu. Ya ce an aiko shi. Ya kama su ɗaya ɗaya. Ko gudu ba su yi ba, Najiba. Ni na ce to, sun sayar."

Ko gudu ba su yi ba. Ta yaya za su gudu? Ni na riƙe su aka yanke.

Inna tana ɗaki, ba ta ji komai ba. Munir ya tsaya yana girgiza kai. "Wannan aikin Na'Allah ne. Da ya ga ba zai samu ta sama ba, sai ya biyo ta ƙasa." Ya ƙara da cewa, "Ki yi haƙuri. Wataƙila haka shi ne mafi alheri."

Ban tsaya jin alherin ba. Na tsallake titin jirgi da gudu, takalmi ɗaya ya cire ban koma ba. Abin da na faɗa wa dattijon nan a gaban mutane ba zan rubuta shi ba, har yau ina neman gafara. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Shiga ki duba."

Na leƙa tukwane ɗaya bayan ɗaya. Babu. Kwandasta kaɗai da jar budurwar.

"Ni ba ni kama tsuntsu da hannu, ɗiyar Audi. Abin kunya ne. Amma mi ya hana su tashi da aka zo kama su?"

Na faɗa masa. Ya ajiye ƙarfen da ke hannunsa.

"Da mi?"

"Almakashi."

"Innalillahi. Wane maƙiyin Allah ya ba ki wagga shawara?" Bai jira amsata ba. Ya ce, "Gashin da aka yanke, gindinshi yana nan a jiki, tsuntsu bai san ya rasa komai ba. Ba zai sake wani ba sai shekara ta zagayo. Kafin nan sun manta da ku."

Na zauna a kan taya. "Direba dai fige masa na yi."

"Fige? Da hannu?"

"Yadda Baba yake yi."

Sai na ga fuskarsa ta canja. "To wannan daban. Wanda aka fige yana tsirowa cikin kwana arba'in. In ba su yanka shi ba, kuma in sun ɗauka duka yankakku ne suka bar su a sake, zai tashi. Na san tsuntsun nan, shekara biyar ina nemanshi bai ko kalli tukwanena ba." Ya miƙa hannu ya kamo Kwandasta ya sa mini a cikin mayafi. "Tafi da wannan. Ki kulle shi a gefe ɗaya, ki bar sauran ƙofofin a buɗe. In Direba ya zo ya ji shiru ba zai sauka ba. Aro ne fa, ba kyauta ba."

Da gawayi na riƙa yin layi a jikin katanga, daga ranar da na fige. Na koma tashi da asuba, dawa da kanwa, ga tsuntsu ɗaya tal. Munir da ya ga Kwandasta ya ce, "Kin gani? Ya ba ki ɗaya don ki yi shiru a kan bakwai." Ban gaya masa maganar kwana arba'in ba. Ba wai ina zarginsa ba ne, tsoro nake ji ya yi mini dariya.

Kawu Ya'u kuwa har da hamdala. "To, uzuri ya ƙare. Ranar da Turai ta fita takaba, ranar za a sa rana." Ya dubi akwatunan. "Waɗannan kuma a farfasa a yi wuta."

"Kawu, wanda ya taɓa su sai dai ya haɗa da ni."

"Ke wai aljanu ne suka shafe ki? Yaro mai sana'a, mai mutunci, yana ta binki, ke kina nan kina gadin katako!"

Saƙonni ba su fasa ba. "Na ga wani leshi ruwan hoda, na ce wannan na Najiba ne." "An yi wa ɗakinmu fenti, saura ke." Ina karantawa, ina jin daɗi, ina jin haushin kaina da jin daɗin. Damina ta sauka, lungu ya cika da ruwa, gawayina yana wankewa ina sakewa.

Kwana arba'in ya cika. Tun asuba nake tsakar gida har wuyana ya ƙage. Babu komai sai jiragen da ke sauka Ikeja. Arba'in da ɗaya, haka. Arba'in da biyu Iya Sikira ta ce wani sabon ɗan haya yana son wurin akwatunan ya ajiye duro. Na ce ta ba ni sati ɗaya. Na shiga ɗaki na kifa kai a cinyar Inna, na ce, "Sun yanka shi." Ta shafa kaina.

Ranar arba'in da uku, saura kwana tara Inna ta fita takaba, an yi ruwa da safe ya ɗauke. Ina durƙushe ina wanke tukunya sai Kwandasta ya haukace, yana ihu yana dukan waya da ƙirji. Na ɗaga kai.

Direba ne a kan igiyar shanya, tsakanin zanen Inna da ɗankwalina. Ya rame, farinsa ya koma ruwan ƙasa. Igiyar tana lilo da shi.

Ban yi ihu ba. Na yi fito irin na Baba. Ya karkata kai ya dube ni, ya sauko kan kwanon dawa. Na bar shi ya ci, sannan na sa hannu biyu na ɗauke shi. Warin ruɓaɓɓen tumatir yake yi. Na buɗe fiffiken, ga sababbin gashi shida sun fito, gajeru, farare tas. Na juya shi in ga ko an ji masa ciwo.

A gadon bayansa akwai fenti. Shuɗi. Layi biyu da ɗigo ɗaya.

Na daɗe a tsugune. A ƙofar kicin, taku uku daga inda nake, ga kwandon da Munir ya kawo ranar Lahadi, da sauran attaruhu a ciki. Na dubi kwandon, na dubi tsuntsun. Na sake duba kwandon. Almakashin ya dawo mini, da lemon Ikeja, da "mu ci abinci tukuna".

Na kai wa Inna su biyun na ajiye a gabanta. Ta ajiye carbi. Tun rasuwar Baba ban ga ta ajiye shi ba sai ranar. Ta sa yatsa ta taɓa fentin.

"Kawunki zai ce tsuntsu ne kawai."

"Ke fa, Inna?"

"Ni mutumin da ya zaunar da ke a bakin get kina kuka da rigar ubanki, yana lissafin lokaci, shi nake tunani." Ta dube ni. "Amma Tozali da sauran suna hannunsa. In kika kunyata shi, wuƙa ba ta da nisa. Ki san yadda za ki yi."

Sai kwalla ta yi ƙara. Na ciro wayar, na bi saƙon da yatsa sau uku kamar kullum.

"Albishirinki, Najibata. Na sa an bincika, an ga tantabarunki a hannun wani a Mushin. Da zarar an sa rana zan karɓo miki su, duka bakwai, kyautar aurenki ke nan. Ina tafe bayan la'asar."

Duka bakwai. Ko ƙirga su bai yi ba yau.

Na yi wanka. Na sa leshin da ya kawo mini, ruwan hodan, na ɗaura ɗankwali na sa kwalli. Na zazzage attaruhun a faranti, na sa Direba a cikin kwandon na rufe da baƙin mayafina. Bayan la'asar aka ce ana sallama da ni.

Yana zaune a bencin ƙofar gida, farar shadda, sabon aski, yana juya waya a hannu. Da ya ga leshin sai wushiryar ta bayyana.

"Masha Allah. Kin ga saƙona?"

"Na gani."

"Ba ki yi murna ba?"

"Nawa ka ce za ka karɓo?"

"Bakwai mana. Duka."

Na ɗora masa kwandon a kan cinya, a kan farar shaddar.

"Ka sake ƙirgawa," na ce, na yaye mayafin.

Direba ya miƙe wuya ya yi kuka sau ɗaya. Munir bai dube ni ba. Hannunsa ya kai a hankali ya rufe shuɗin fentin da ke jikin kwandon, kamar shi kaɗai ne a wurin.